Rabin Ƙwaya da Zoben Baiko

"Ni dai abu ɗaya na sani, maganin mahaukata ba zai shiga gidana ba."

Abin da Bu Tarsih, mahaifiyar ango Danang, ta faɗa ke nan ranar baiko, bayan an sa zobe, an ci an sha, baƙi sun fara neman takalmansu. Ba ta ɗaga murya ba. Manyan matan garinmu Pekalongan ba sa ɗaga murya, da murmushi suke yanka mutum. Ta dafa kafaɗar amarya Ningrum kamar mai lallashi.

"Kin ji ko, Nduk, 'yata? Ki rabu da maganin kafin ranar biki. In ba haka ba, kowa ya riƙe ɗansa."

Ranar kuwa ba nisa. Tsohon da ke yi musu lissafi ya haɗa ranar haihuwar Danang da ta Ningrum, ya fitar musu da ashirin ga watan Babbar Sallah. In ta wuce sai watan Suro, watan farkon shekara, ya kama, kuma a garinmu duk gaggawar mutum ba ya ɗaura aure a Suro. Bayan shi ma, in ji tsohon, babu ranar da ta dace da su sai an yi wata bakwai.

Shekara biyu Ningrum tana shan maganin nan, tun rasuwar mahaifinta, lokacin da ciwon damuwa ya kwantar da ita, ta daina ci, ta daina magana, ta daina aiki. Da ikon Allah maganin ne ya tashe ta. Da ta samu sauƙi likita ta fara rage mata a hankali, daga ƙwaya ɗaya zuwa rabi, daga rabi za a koma kwata, har a kai ƙarshe.

Tana kan rabi aka sa rana. Ta zauna ta ƙirga. Saura mako biyar biki, saura wata uku magani. Ba ta shawarci kowa ba, ta ɗauki kwalin ta cusa ƙarƙashin tulin ƙyallaye a ɗakinta.

Yau kwana tara ke nan.

Tana zaune a rumfar bayan gida inda suke aikin batik, wato zanen ƙyalle da kaki, ita da mahaifiyarta, farin ƙyalle a rataye gabanta, kaki yana narkewa a kasko. Ta tsoma canting, ɗan mazubin tagullar da ake zane da shi, ta hura bakinsa yadda aka koya mata tun tana shekara tara. Ƙananan furanni take jerawa. Zanen da Bu Tarsih za ta ɗaura ranar biki ne, kuma amarya ce ta roƙa a bari ta yi shi da hannunta.

Ta juya ido za ta kalli kaskon. Nan take wani abu ya tsarga mata cikin kai, zuut, kamar an jona mata wayar wuta. Rumfar ta karkata. Kaki ya ɗiga, ɗigo uku manya, a inda bai kamata ba.

"Innalillahi," ta ce a hankali.

Ta ajiye canting, ta ɓoye hannunta cikin zane don ya daina rawa. Zufa ta keto mata, alhali da safe ne kuma iska tana kaɗawa daga teku.

"Assalamu alaikum! Ina masu gidan?"

Ko ba ta waiga ba ta san mai muryar, turarensa ya riga shi isowa. Pak Gunadi ne, mai shaguna biyu na ƙyalle a babbar kasuwa. Matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce, tun daga nan gashinsa yake ƙara baƙi duk wata, abin da ba a taɓa gani ba ga ɗan shekara hamsin da biyar.

Ya tsaya kanta da ledar mangwaro, ya leƙa ƙyallen, ya girgiza kai.

"Haba, Dik Ningrum, ƙanwata. Hannun da babu irinsa a unguwar nan? Dubi yadda suka mayar da ke."

"Lafiyata ƙalau, Pak."

"Lafiyar ce ta sa kika yi fari haka? Ni fa kin san ba ruwana da zancen magani. Ki sha ɗaya, ki sha goma, kantin maganin ma in kina so sai in saya miki. Ni kaina uku nake haɗiya kowace safiya, na hawan jini, na suga, da na gwiwa. Sai mu dinga miƙa wa juna ruwa."

Ya yi dariya shi kaɗai. Ningrum ta so ta yi murmushin ladabi, amma ƙamshin turaren ya tayar mata da zuciya, ta miƙe da sauri ta nufi bakin rijiya.

Da ta dawo ya tafi. Mahaifiyarta, Bu Lasmi, tana zaune a kujerarta tana duba ɗigon kakin.

"Iskar sanyi ce ta shige ki, na faɗa miki. Jiya na kankare miki baya da bakin kwabo don iskar ta fita har ya yi ja, yau ma sai na ƙara."

"Ba iska ba ce, Bu."

"To mece ce? Kuka ba dalili, abinci ba kya ci, barci ba kya yi." Ta sassauta murya. "Nduk, yayan babanki ya sake zuwa jiya. Ya ce mutumin nan da ya fita yanzu yana son aurenki, kuma bai sa miki sharaɗi ko ɗaya ba. Ya ce don me za mu kai ki gidan da tun ba ki shiga ba ake ƙyamar ki?"

"Ki ce masa shi ya aure shi mana!"

Maganar ta fita da ƙarfi har kajin tsakar gida suka watse. Ningrum ba ta taɓa ɗaga wa mahaifiyarta murya ba tunda take. Ta toshe bakinta da hannu biyu, ta durƙusa, ta kifa kai a cinyar uwar tana kuka.

"Ki yafe min, Bu. Wallahi ban san abin da ke damuna ba. Ki yafe min."

Bu Lasmi ta sunkuyo gare ta. Ta dinga shafa mata kai, idonta ita ma ya ciko.

Da azahar aka ji babur ɗin Danang. Injin jiragen masunta yake gyarawa a tashar ruwa, don haka duk wankan da zai yi sai ka ji ɗan warin man inji a jikinsa. Abin mamaki, wannan warin bai taɓa tayar wa Ningrum da zuciya ba. Ya shigo da ƙunshin shinkafa biyu a ganyen ayaba, ya gaida Bu Lasmi, ita kuma ta ba su wuri ta koma kicin inda za ta iya jin komai.

"Na kawo miki da megono, kwaɗon kwakwar nan, na wurin tsohuwar nan da kike so. Ta ce in gaida amarya, wai ta rage yanga."

"Na gode, Mas, yayana. Anjima zan ci."

"Jiya ma anjima kika ce."

Ya zauna a ƙasa gabanta, ya ɗaga kai yana kallon ta. Ta kau da fuska. Juya idon da ta yi ya sake jawo abin nan, zuut, ta runtse ido, ta riƙe ƙafar kujera.

"Dik, mene ne wannan? Sau uku ke nan ina ganin kina yin haka."

"Jiri ne kawai."

"Kalle ni."

Ta ƙi.

"Yaushe rabonki da maganinki?"

Daga kicin ƙarar wuƙa ta tsaya.

"Kwana tara," ta ce, muryarta can ƙasa.

"Likita ce ta ce?"

Ta girgiza kai, hawaye suka zubo.

"Subhanallahi. Kwana tara kina cikin wannan hali, ni ina can ina zaɓen fentin ɗaki?"

"To me kake so in yi, Mas? Ibu, mahaifiyarka, ta ce kafin ranar. Likita ta ce wata uku. Na ƙirga ta gaba, na ƙirga ta baya, ya ƙi haɗuwa. Na ce bari in daure, kwana nawa ne? Ashe ban san abin da na ɗauko ba. Kaina kamar ana kunna wuta ana kashewa. In na rufe ido sai mafarkai marasa kan gado. Ɗazu na yi wa mahaifiyata tsawa, Mas. Ni!"

Kuka ya ci ƙarfinta. Ya bar ta ta yi, bai katse ta ba.

"Abin da ya fi ba ni tsoro," ta ce tana shessheƙa, "kada a ce Ibu ce take da gaskiya. Kada a ce ni ɗin mahaukaciya ce, maganin ne kawai yake rufa min asiri."

"Ke! Kada in sake jin wannan a bakinki." Ya matso kusa da ita. "Lokacin da na fara zuwa gidan nan kina shan sa, ko ba haka ba? Kina shan sa kika ce hancina kamar ƙugiyar kamun kifi. Kina shan sa na ce ina son ki. Me ya canza?"

Dariya ta suɓuce mata a tsakiyar kukan.

"Ai har yanzu haka hancin yake."

"To alhamdulillahi, hankalinki yana nan. Tashi ki sa gyale, asibiti za mu."

"In ta ce in koma fa?"

"Sai ki koma."

"Auren fa?"

Sai ya miƙe ya tafi tayar da babur.

Likita Wening ba ta yi faɗa ba, kuma rashin faɗan ya fi sa Ningrum jin kunya. Ta saurare ta har ƙarshe, ta yi tambayoyi, sannan ta cire tabarau.

"Ba hauka ba ne. Jikinki ya saba da abu shekara biyu, kika janye masa rana ɗaya, dole ya yi ƙorafi. Jirin nan, da tartsatsin da kike ji a kai, da kuka, da saurin fushi, da yawan mutane suna samun su in suka tsaya kwatsam."

"To yanzu ya zan yi, Likita?"

"Ki koma kan rabi daga yau. In jikin ya lafa mu ci gaba da ragewa, amma a hankali fiye da da. Ki sa ran wata huɗu."

"Huɗu?"

"Gajeriyar hanyar da kika bi ce ta ƙara miki ɗaya. Ki ci abinci ko ba kya so, kaɗan-kaɗan. Ruwan citta zai taimaka wa tashin zuciya. Ki taka da ƙafa da safe, kada ki tuƙa babur da jirin nan. Ki rubuta abin da kika ji kowace rana ki kawo min. In kuma zuciyarki ta fara raya miki ki cutar da kanki, kada ki jira ranar da na ba ki, ki taho a lokacin." Ta juya ga Danang. "Kai ne angon?"

"In Allah ya yarda."

"To ka yi haƙuri da ita in ta yi maka tsawa."

"Ai na daɗe ina atisaye, Likita."

A hanyar dawowa Ningrum ta zauna a karkace a bayan babur, ta riƙe gefen rigarsa da yatsa biyu. Wata huɗu. Babbar Sallah za ta wuce, Suro zai zo ya wuce, tana nan da rabin ƙwayarta. Tana son mutumin nan son da ba ta san inda za ta ajiye shi ba, kuma ta san tana gab da rasa shi.

Suna shan kwanar gidan gabanta ya faɗi. Keken haya yana tsaye a ƙofa, da takalma masu ɗan tsini a bakin baranda.

Bu Tarsih tana zaune a falo, bayanta a miƙe, ƙyallen biki a shimfiɗe kan cinyarta. Ta zo ganin inda aikin ya kai. Ita ma 'yar masu batik ce, ba a ɓoye mata kuskure.

"Le, ba ka wurin aiki?" ta ce da ɗanta.

"Na fito da wuri, Bu."

Ningrum ta durƙusa ta sumbaci hannunta. Bu Tarsih ta bi layin furannin da yatsa.

"Daga nan zuwa nan, hannu ne mai kyau. Ko ni a zamanina sai haka. Daga nan kuma," yatsan ya tsaya, "kamar wata daban ce ta ƙarasa. Lafiya?"

"Bari in kawo shayi, Bu."

Ta shiga kicin. Mahaifiyarta ta kama ta tana raɗa.

"Ki ce iskar sanyi ce. Ki ce kin sha dukan ruwan sama. Saura mako nawa? In an ɗaura ai an ɗaura, sai ki dinga sha a ɓoye."

Ningrum ta kalli tiren shayin. Da gaske hakan zai yiwu. Za ta iya ɓoye kwalin cikin tukunya, ta dinga haɗiya a banɗaki kamar ɓarauniya, a gidan mijinta, kullum gabanta yana faɗuwa. Ta san abin da irin wannan zaman yake yi wa zuciya irin tata.

Ta biya ta ɗakinta kafin ta fito.

Kofin yana ta kaɗawa kan faranti tun daga ƙofa. Tana ajiyewa shayin ya fantsama kan tebur. Bu Tarsih ta yi wuf ta janye ƙyallen, sannan, kamar ba da niyya ba, ta kama hannun yarinyar.

"Hannunki sanyi ƙalau, Nduk. Ga rawa. Me ya same ki?"

"Umarninki na bi, Bu."

Ta zaro kwalin maganin daga cikin zanenta ta ajiye gefen kofin.

"Kwana tara ban sha ba. Abin da kika gani a ƙyallen nan, da wannan hannun, sakamakon ke nan. Daga wurin likita muke. Ta ce in koma, in sauka a hankali, wata huɗu. Zan iya yi miki ƙarya in shiga gidanki, amma ba na so in fara kiran ki uwa da ƙarya a bakina."

Bu Tarsih ta saki hannun a hankali.

"Wata huɗu. An riga an gaya wa dangi rana. An gaya wa mutanen garin Batang, an gaya wa na Semarang. In ce musu me? An ɗaga biki saboda amarya tana shan maganin ƙwaƙwalwa?"

"Bu, ki ce musu ni ne ban shirya ba," in ji Danang.

"Yi min shiru, Le! Kai ka san abin da ake nufi da jini? Ka san abin da za a dinga faɗa wa 'ya'yanka a makaranta?" A karon farko muryarta ta karye. "Kai kaɗai gare ni. Ba ƙin ta nake yi ba. Allah ya sani ba ƙin ta nake yi ba. Tsoro nake ji."

"Na sani, Bu," Ningrum ta ce, hawaye suna bin kumatunta. "Ni ma tsoron nake ji. Amma na taɓa zama a ramin nan shekara biyu da suka wuce, mahaifiyata ce take ba ni abinci a baki. Ba zan koma ba, ko don Mas Danang. In na koma, ba mata za ki samar masa ba, jinya za ki samar masa."

Ta kama zoben. Da ƙyar ya fita. Ta ɗora shi kan tiren, ta tura gaban tsohuwar da hannu biyu.

"Ki ajiye a wurinki. In na gama yadda likita ta tsara, kika ga na cancanta, kin san gidanmu. In kuma ba ki dawo ba, ba zan riƙe ki a zuciya ba."

Bu Lasmi ta fashe da kuka a bakin ƙofar kicin.

Bu Tarsih ta daɗe tana kallon zoben. Ta miƙa hannu kamar za ta tura shi baya, har Ningrum ta daina numfashi. Sai ta ɗauka, ta ƙulle shi a bakin hankici, ta jefa cikin jaka. Ta ninke ƙyallen da kyau, ta ajiye kan kujera, ta miƙe.

"Ki sha ruwan citta," ta ce ba tare da ta kalle ta ba. "Le, taso mu tafi."

Ta fita. Aka ji tana sa takalmi.

Danang yana tsaye tsakiyar falon, ido jajir. Ningrum ba ta kalle shi ba, don kada ya ga roƙo a idonta. Ta ɓallo ƙwaya ɗaya, ta ɗauki 'yar wuƙar yankan lemo da ke kan tire, ta saita kan tsagar da ke tsakiya. Hannun ya ƙi tsayawa. Ƙwayar ta zille, ta gangara ƙarƙashin tebur.

"Danang!" aka kira daga waje.

"Je ka, Mas. Mahaifiyarka ce. Don Allah je ka."

Ya durƙusa ya lalubo ƙwayar, ya hure ta, ya zauna dirshan a ƙasa.

"Miƙo wuƙar."

"Mas..."

"Miƙo, Dik. Ni da nake kwance injin jirgi, wannan 'yar abar ce za ta gagare ni?"

Ta miƙa masa. Ya danna sau ɗaya, ƙwayar ta rabe biyu daidai. Ya sa mata rabi a tafin hannu, ya riƙe mata kofin don kada ya zube, har ta haɗiye.

"Danang! Ba ka ji ina kira?"

Ya naɗe ɗaya rabin a 'yar takarda, ya sa a aljihun rigarsa, ya danne da tafin hannu.

"Zan raka ta gida, don uwata ce," ya ce. "Amma na gobe yana wurina. In kina son maganinki, ƙarfe bakwai ki buɗe min ƙofa."